Ronald Ross da Sauron Maleriya

An haifi Ronald Ross a Almora, ƙasar Indiya, a 1857. Likitan sojan Birtaniya ne. A zamaninsa mutane da yawa suna zaton iskar fadama ce ke kawo maleriya.

Shekara biyu Ross yana feɗe sauro, yana dubawa da madubin likita, amma bai dace ba, domin ba kowane irin sauro ne ke ɗaukar cutar ba. Sai ranar 20 ga Agusta 1897 ya ga ƙwayar cutar a tumbin wani sauro mai ɗige-ɗige a fiffike, wato anofilis. Macen ce kaɗai ke cizo, saboda sai da jini ƙwanta ke ƙosawa.

A 1899 ya zo Saliyo, ya binciki sauron Afirka ta Yamma. Ya sami lambar yabo ta Nobel a 1902, ya rasu a Landan a 1932.