Satyendra Nath Bose, Mai Sunan Boson

Idan kun shiga ajin kimiyya, za a gaya muku cewa kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra. Akwai kuma waɗansu ƙwayoyi da suka fi zarra ƙanƙanta, kuma masana sun kasa su gida biyu. Gida na farko ana kiransa famiyon, kamar ilektaron da furoton. Biyu daga cikinsu, iri ɗaya, ba sa taɓa zama a hali guda. Gida na biyu shi ne boson, kamar foton, wato ƙwayar haske. Su kuwa komai yawansu suna iya taruwa a hali guda. Wannan suna na biyu ya samo asali ne daga sunan wani malami ɗan Indiya.

An haifi Satyendra Nath Bose a birnin Kalkata ranar 1 ga Janairu, 1894, lokacin da Indiya take ƙarƙashin mulkin Ingila. Tun yana yaro ya yi fice a lissafi. A 1915 ya kammala digirinsa na biyu, shi ne ya zo na ɗaya. A 1921 ya koma Jami'ar Daka, wadda yau take ƙasar Bangaladash, ya ci gaba da koyar da fiziks.

A can ne ya yi aikin da ya sa aka san shi. Domin ku fahimce shi, ku ɗauki kwabo biyu ku wurga sama. Suna iya faɗuwa ta hanya huɗu: duka a fuska, duka a baya, na farko a fuska na biyu a baya, ko kuma akasin haka. To, a ce kwabban sun yi kama har babu wata hanyar bambanta su. Hanyoyi biyu na ƙarshe sun zama ɗaya ke nan, saura uku. Haka Bose ya ƙirga ƙwayoyin haske. Abin kamar wasan yara, amma da wannan ƙirge ya fito da dokar haske da Max Planck ya gabatar tun 1900, ta hanya mafi tsabta.

A 1924 ya aika da takardarsa ga Albert Einstein, wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba. Einstein ya ga darajarta, ya fassara ta da kansa zuwa Jamusanci, ya sa aka buga ta. Daga nan ya gwada ƙirgen a kan ƙwayoyin zarra, ya yi hasashen cewa idan sanyi ya yi tsanani ƙwarai, waɗansunsu za su dunƙule su zama kamar abu guda. Sai a 1995 aka tabbatar da haka a Amurka. Masanin Ingila Paul Dirac ne ya raɗa wa irin waɗannan ƙwayoyi suna boson.

Bose ya ƙware a harsuna da dama, amma ya dage a koyar da kimiyya da harshensa na Bangali, har ya kafa ƙungiya domin haka a 1948. Mutane da yawa sun sami kyautar Nobel a kan binciken boson. Shi bai same ta ba. Ya rasu a Kalkata ranar 4 ga Fabrairu, 1974.