Barmani Choge: Wadda Ta Ɗauko Ƙwarya Daga Tsakar Gida

'Yan uwa ɗalibai, shafin tarihi na wannan makon ya leƙa Funtuwa, maƙwabciyarmu ta Jihar Katsina. Yawancinmu ba mu yi wayo ba lokacin da Hajiya Barmani Choge ta rasu, amma ku ambaci sunanta gaban iyayenmu mata a Ikara, Makarfi ko Kudan, ku ga yadda fuska za ta washe.

Sunanta na yanka Sa'adatu. An haife ta a Gwaigwayi, kusa da Funtuwa, cikin shekarun 1940. A zamanin da ta taso, yarinya kan fara sanin kiɗa tun kafin ta san sunansa kiɗa. Akwai tafin gaɗa a dandali, akwai luguden taɓare a bakin turmi, ga kuma shantu da 'yan mata ke bugawa a cinya a ɗakin amarya. Wannan ita ce makarantar farko ta duk macen da ta zama makaɗiya a ƙasar Hausa.

An aurar da ita tana ƙaramar yarinya ga Alhaji Aliyu, wanda shi ma makaɗin garaya ne, suka haifi 'ya'ya 12. A 1973 ta rungumi waƙar amada a matsayin sana'a. Ba ita ta ƙago amada ba. Ta tarar da mata suna yi a gidajen biki da suna, kuma a Kano akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada da ta yi suna sosai. Abin da Barmani ta yi shi ne fito da kiɗan fili, har ya shiga rediyo da kaset da manyan taruka.

Kayan aikin ba su da tsada. Ƙore ne manya da ƙanana, a kife su a ƙasa, kowace da irin muryarta. Sai a cika babban mazubi da ruwa, a kifa wata ƙwaryar a kai tana yawo. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙwarya da ruwa ita ke ba da amon nan mai kauri da ake ji har a ƙirji. Idan aka ɗan ɗaga bakin ƙwaryar ko aka danna ta, sai amon ya sauya.

To, yaya ake koyo? Babu allo, babu littafi. Mai koyo takan fara da ɗaukar kaya da ɗebo ruwa. Daga nan ta shiga sahun 'yan amshi, kunnenta ya saba da inda kiɗa ke faɗuwa. In an ga hannunta ya nuna, sai a miƙa mata ƙaramar ƙwarya, ta riƙe bugu ɗaya ba ta kauce ba. Wadda ta yi kuskure, harara ta ishe ta gyara. Da irin wannan horo ake tara ƙungiyar amada, kuma sai da irin waɗannan mata a bayanta muryar Barmani ke tashi.

Ita ma malama ce, sai dai ajinta gidan biki ne. Ta yi waƙa kan kishi, da haihuwa, da zaman aure. Babban darasinta kuwa shi ne mace ta nemi sana'a, kada ta zauna sai an ba ta. Gaskiya ne wasu sun soke ta, suna ganin bakinta ya cika sakewa a wasu waƙoƙin. Amma matan da ke kulle sun ji tana faɗin abin da ke cikinsu, shi ya sa suka riƙe ta. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu a kanta.

Allah Ya yi mata rasuwa a Funtuwa ranar 2 ga Maris, 2013, bayan jinya. Allah Ya gafarta mata.

Ga abin da ya dame mu. Yau a bukukuwanmu mai sifika ake kira, ya danna waya kowa ya tashi rawa. Roba da silba sun kori ƙwarya daga madafi. Muryar Barmani tana nan a waya, amma waya ba ta koya wa hannu bugu. Ilimin da ba a rubuta ba, ranar da mai shi ta kwanta dama ya bi ta kabari.

Don haka ƙungiyarmu ta 'yan jarida na ba ku aikin hutu. Ku zauna da kaka ko gwaggo, ku tambaye ta yadda ake jera ƙore da yadda ake riƙe shantu, da wadda ta koya mata. Ku rubuto mana, za mu liƙa a wannan bango.