BATURE MAI MAGANI: Likita Andrew Stirrett (1865–1948)

'Yan'uwa, idan kaka ta yi a ƙasar Shanono, kowane maigida hankalinsa yana kan rumbu. Ya yaɓe shi, ya ɗora shi bisa duwatsu domin gara, ya zuba dammunan gero da dawa, ya rufe. Ba ya cinye amfaninsa duka a watan biki, gama ya san bazara tana tafe, bayanta kuma ga damina, lokacin da hatsi ya ke tsada. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya yi irin wannan tanadi, amma rumbunsa ba a duniyan nan ya gina shi ba.

An haifi Andrew Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya buɗe kanti a birnin Toronto, ciniki kuwa ya karɓe shi. Ya mallaki kantuna da gidaje, yana kuma karatun likita. Duk abin da ɗan Adam ya ke so domin jin daɗi yana hannunsa.

Ana nan sai wata ƙaramar takarda ta shigo hannunsa, wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na nan. Bingham da abokansa biyu sun sauka Ikko a watan Disamba 1893, suna nufin kawo Bishara ƙasar Hausa. Shekara guda ke nan, biyu suka rasu: Walter Gowans a Girku, ta wajen Zariya, Thomas Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Mai hankalin duniya da ya ji wannan, sai ya ƙara riƙe kantinsa. Amma Stirrett ya auna abin da wani ma'auni dabam. Ya ga kanti zai tsufa, kuɗi za su koma hannun wani, ran mutum kuwa ba ya ƙarewa.

Sai ya miƙa kansa ga mishan, wadda daga baya aka sani da sunan S.I.M. Shugabanni suka yi shakka, domin shekarunsa sun kusa arba'in, ƙasar kuwa tana cinye samari ma. Bai tsaya gardama ba. Ya sa dukiyarsa a hannun mishan domin aikin Ubangiji, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila, ya yi karatun cututtukan ƙasashen zafi a birnin Libaful. A shekara ta 1902 ya iso Patigi a bakin Kwara, yana da shekara 37.

Kada mu ɗauka cewa mai begen sama ba ya kula da jikinsa. Likita Stirrett ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro ya ke kashe ma'aikata, sai ya dage a kan kowa ya sha kwinin kullum, ya kiyaye kansa daga zafin rana. A ganinsa jiki amana ne, kayan aikin Maigida, ba a wasa da shi. Ta wurin wannan horo mutuwa ta ragu ƙwarai a cikin mishan, shi kansa kuwa ya yi shekara 46 a bakin aiki.

Zuciyarsa tana wurin Hausawa. A zamanin nan gwamnatin Turawa ba ta yarda 'yan mishan su zauna su yi wa'azi a ƙasashen sarakunan Arewa ba. Da ya ga ƙofa a rufe, bai zauna yana kuka ba. Ya bi fatake zuwa zango. A Wushishi da sauran wurare a kan hanyar ayari, idan fatake sun sauke kaya da maraice, sai ya zo ya ba marasa lafiya magani, ya faɗa musu labarin Yesu Almasihu da harshensu. Su ne suka ɗauki sunansa zuwa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Daga nan aka san shi da Bature Mai Magani.

Babban aikin da ya sa hannu a ciki shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Miller na C.M.S. a Zariya da waɗansu ma'aikata. Shekara da shekaru suna auna kalma ɗaya ɗaya, har aka buga Littafin duka a shekara ta 1932. Ya kuma yi aiki a kan waƙoƙin sujada na Hausa. Da ya koma Jos da zama, kasuwa ta zama majami'arsa. Kusan kowace rana a kan ga tsohon nan ya fito ya tsaya a gaban jama'a, yana shelar Bishara ga masu saye da masu sayarwa. Wanda dā ya ke da kanti a Toronto, ga shi a kasuwa kuma, amma yanzu kyauta ya ke bayarwa.

Allah ya bar shi har ya ga ƙofar da ya daɗe yana addu'a dominta ta buɗe. S.I.M. ta sami wurin zama a Kano a shekara ta 1933, aka buɗe Asibitin Ido a 1943, Maganar Allah kuwa ta shiga ƙauyukan ƙasar Kano. Bai yi aure ba, bai kuma koma Kanada domin hutun tsufa ba. Ya yi barci cikin Ubangiji a Jos ran 9 ga Yuli 1948, yana da shekara 82. Shekara shida bayan haka, a 1954, ekklesiyoyin da suka fito daga aikin mishan suka haɗu suka zama E.C.W.A.

To, 'yan'uwa, ba kowa aka kira ya bar gonarsa ba. Noma aiki ne mai daraja, ciyar da iyali kuwa wajibi ne. Amma mu tambayi kanmu: idan kuɗin gyaɗa sun shigo hannu, ina su ke fara zuwa? Wurin shaye-shaye da gasar tufafi, ko kuwa makarantar yara, da baiko, da taimakon gwauruwar da rumbunta ya ƙare? Cikin Matta sura 6 Ubangijinmu ya koya mana cewa zuciya tana bin dukiya duk inda aka ajiye ta. Ku karanta surar nan da iyalinku a wannan mako.

Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Waɗanda suka sayi magani a kantin Stirrett sun shuɗe tuni, amma Maganar da ya taimaka a juya tana bakinmu kowace Lahadi. Allah ya ba mu hikima mu yi tanadi inda gara ba ta kaiwa. Amin.