Musa bin Maimun

Musa bin Maimun (1138 – Disamba 1204) likita ne, masanin falsafa, kuma babban malamin addinin Yahudanci. An haife shi a birnin Ƙurɗuba na Andalus, wato Kordoba ta ƙasar Sifaniya a yau, ya kuma yi mafi yawan rayuwarsa ta aiki a Masar, inda ya zama likita a fadar Ayyubawa, gidan Salahuddin al-Ayyubi. A tarihin likitanci an fi tuna shi da littafinsa Maƙala fir Rabwi, wanda yake cikin littattafai mafi daɗewa da aka keɓe sukutum ga ciwon asma.

Sunansa

A littattafan Larabci sunansa Abu Imran Musa bin Maimun al-Ƙurɗubi. Turawa suna kiransa Maimonides. Ɗafin da ke ƙarshen sunan na Girkanci ne, ma'anarsa ɗan wane, saboda haka sunan bai wuce Ɗan Maimun ba. Yahudawa kuwa Rambam suke cewa, sun haɗa haruffan farko na laƙabinsa da sunansa da na mahaifinsa a Ibrananci. Tsofaffin littattafai suna ba da 1135 a matsayin shekarar haihuwarsa, amma masu bincike na baya-bayan nan sun fi karkata ga 1138, bisa lissafin shekarun da shi kansa ya rubuta a ƙarshen ɗaya daga cikin littattafansa.

Farkon rayuwa da hijira

Mahaifinsa Maimun alƙali ne na al'ummar Yahudawan Ƙurɗuba, kuma a hannunsa ya fara karatu. Yana da kimanin shekara 10, a 1148, daular Muwahhiduna ta ƙwace birnin daga hannun Murabiɗuna. Sababbin masu mulkin sun janye amanar da Yahudawa da Kiristoci suke zaune a ƙarƙashinta, sai zama ya gagara. Iyalin suka bar gida, suka yi shekaru suna yawo a kudancin Andalus, daga baya suka tsallaka zuwa Fas ta Maroko wajen shekarar 1160. A Andalus da Fas ya koyi lissafi da ilimin taurari da likitanci daga littattafan Larabci, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana yawan kafa hujja da abin da ya gani a wurin likitocin Magrib.

A 1165 suka shiga jirgin ruwa zuwa Akka, suka ziyarci Ƙudus da Al-Khalil, sannan suka wuce Masar. Ya zauna a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke kudu da Alƙahira. Marubucin tarihi Ibn al-Ƙifɗi ya kawo labarin cewa an taɓa kai ƙararsa a Masar da zargin ya musulunta a Magrib sannan ya koma addininsa, amma Alƙali al-Fadil ya kori ƙarar da hujjar cewa musuluncin tilas ba ya ɗauruwa. Masana tarihi suna da saɓani a kan ingancin wannan labari.

Yadda ya zama likita

Da farko ba da likitanci yake ci ba. Ƙaninsa Dawud, ɗan kasuwar duwatsu masu daraja, shi ke riƙe da gidan, shi kuwa Musa yana karatu da rubutu. A cikin shekarun 1170 Dawud ya bi ta tashar Aizab a gaɓar Bahar Maliya ya hau jirgi zuwa Indiya, jirgin ya nutse da shi da dukiyar gidan. Musa ya faɗi ciwo, ya kwanta kusan shekara guda da zazzaɓi da baƙin ciki, kamar yadda ya bayyana a wata wasiƙa bayan shekaru. Ga matar ƙaninsa da 'yarsa sun dawo wuyansa, ga shi kuma yana ganin bai halatta malami ya karɓi kuɗi don koyar da addini ba. Sai ya mai da likitanci sana'a.

Sunansa ya kai ga Alƙali al-Fadil, babban wazirin Salahuddin, wanda ya ɗauke shi aiki ya yanka masa albashi. Bayan rasuwar Salahuddin a 1193 ya yi wa ɗansa al-Afdal aiki. A wata wasiƙa ta 1199 zuwa ga Samuel ibn Tibbon, mai fassara littafinsa, ya kwatanta yininsa: da sassafe ya hau dabba daga Fusɗaɗ zuwa fada a Alƙahira, ba ya dawowa sai bayan azahar, ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, Musulmi da Yahudawa, manya da talakawa. Sau ɗaya yake cin abinci a yini, ya ci gaba da duba mutane har dare, wani lokaci daga kwance saboda gajiya.

Littafinsa kan asma

Kalmar asma ta samo asali daga Girkanci, inda take nufin haki, ta shigo Hausa ta hanyar Ingilishi. Larabawa rabwu suke cewa, kuma a zamanin Ibn Maimun kalmar ta fi faɗi, tana ɗaukar sarƙewar numfashi iri-iri. Hausa ma tana da tsohuwar kalmar fuka ga ciwon ƙirji mai hana numfashi, sai dai yanzu in an ce tarin fuka wata cuta ce daban, wadda ƙwayar cuta ke kawowa kuma ake ɗauka daga mutum zuwa mutum. Asma ba a ɗaukarta.

Ibn Maimun ya rubuta Maƙala fir Rabwi da Larabci, cikin babi 13, saboda wani babban mutum mai fama da ciwon wanda ya nemi shawararsa. Ciwon mutumin yakan fara da mura, musamman lokacin sanyi da ruwa, sai ya sauka ƙirji, ya yi kwanaki yana kokawa da numfashi har sai majina ta fita. Ya kuma lura da kansa cewa idan ya bar Iskandariyya mai danshi ya koma Alƙahira, yakan samu sauƙi.

Abin da ya bambanta littafin shi ne marubucin bai yi alƙawarin warkarwa ba. Tun a gabatarwa ya nuna cewa ba shi da wani maganin mamaki, kuma ba a iya kula da wannan ciwo sai an san jikin mai shi, da shekarunsa, da ɗabi'unsa, da garin da yake zaune, da yanayin shekara. A zamanin da likitan fada ke neman yardar mai gida da manyan haɗe-haɗe, wannan magana tana buƙatar ƙarfin hali. Magunguna ma sai a babi na 11 da na 12 ya zo kansu, tare da shawarar a fara da mai sauƙi kafin mai ƙarfi.

Babobin farko duk a kan abinci suke. Ya hana cika ciki, da abinci mai maiƙo da nauyi, da masu kumbura ciki irin su wake, ya kuma yaba romon kaza. Likitocin da ya gada suna ba da ruwan inabi kaɗan a matsayin magani, amma da yake majinyacinsa Musulmi ne, sai ya tsara masa abin sha na zuma da kayan yaji a madadinsa. Ya yi magana a kan barci, ya hana kwanciya da zarar an gama cin abinci, ya taɓo wanka da tausa da motsa jiki da saduwar iyali.

Wuri biyu ne masu karatu na yau suka fi tsayawa. Na farko iska. Ya bambanta iskar birni, mai dogayen gine-gine da ƙananan lunguna da shara da ruɓaɓɓun abubuwa, da iskar fili da sahara. Wanda ba zai iya barin birni ba, ya ba shi shawara ya zauna a gefen gari, a ɗakin sama mai faɗi wanda iskar arewa da rana ke shiga, a kuma nisanta makewayi daga ɗakin kwana. Na biyu halin zuciya. Ya bayyana cewa baƙin ciki da tsoro da fushi suna taɓa numfashi, kuma abinci da magani kaɗai ba sa gyara wannan. Mutumin da ya kwanta shekara guda bayan mutuwar ƙaninsa ba daga littafi kawai ya san haka ba.

Babi na ƙarshe gargaɗi ne a kan likitoci. Ya kawo ra'ayin ar-Razi cewa idan cuta ta fi ƙarfin jiki likita ba shi da abin yi, idan jiki ya fi ƙarfinta ba a buƙatarsa, sai idan sun yi kunnen doki ne aikinsa ke da amfani. Ya ba da labaran manyan mutanen Magrib da kuskuren likitoci ya cutar, ya kuma nuna cewa barin jiki ya yi aikinsa ya fi faɗawa hannun likitan da bai san abin da yake yi ba.

An fassara littafin zuwa Latin wajen shekarar 1300, ciki har da fassarar Armengaud Blaise na Montpellier, sannan zuwa Ibrananci. Suessman Muntner ya fitar da shi da Ingilishi a 1963, Gerrit Bos kuma ya buga nassin Larabcin tare da sabuwar fassara a 2002.

Littafin a ma'aunin ilimin yau

Bayaninsa na musabbabin ciwon bai tsaya ba. Ya bi Jalinus, likitan Girka, wajen ɗaukar cewa wani danshi ne ke gangarowa daga ƙwaƙwalwa ya cika huhu. Yau an san asma daɗaɗɗen kumburi ne a cikin hanyoyin numfashi. Idan mai ciwon ya haɗu da abin da ke tayar masa da shi, naman da ke kewaye da hanyoyin sai ya matse, bangonsu ya kumbura, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Yawancin abincin da ya hana ma ba su da hannu a ciwon ga mafi yawan mutane.

Ilimin ya taru ne a hankali. John Floyer a 1698 da Henry Hyde Salter a 1860, likitocin Ingila masu fama da ciwon su kansu, sun rubuta littattafai a kansa. A 1956 kamfanin Riker na Amurka ya fito da ƙaramin gwangwanin fesa magani a baki, wanda ake kira inhela. A 1964 masu bincike a Holan suka nuna rawar wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama a ƙurar ɗaki da katifa. Salbutamol, mai buɗe hanyoyin numfashi cikin mintuna, ya shiga kasuwa a 1969 da sunan Ventolin, sai beclometasone na shaƙa, mai kwantar da kumburin kansa, a 1972. Ga masu ciwo mai tsanani an samu allurai irin su omalizumab a 2003, mepolizumab a 2015 da tezepelumab a 2021, sai dai tsadarsu ta sa sun yi wa yawancin majinyatan Afirka nisa. A 2019 kwamitin GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da salbutamol kaɗai, saboda yana kawo sauƙi nan take amma ya bar kumburin yana ci. Ya ce a haɗa da maganin kumburi na shaƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda gano ciwon da samun inhela ke da wuya. Har yanzu ba a samu maganin da ke raba mutum da ita gaba ɗaya ba, shawo kanta ake yi.

Abin da ya tsaya daga littafin shi ne lura da mura, da iska, da damuwa, a matsayin masu tayar da ciwon, da kuma cewa kowane majinyaci da nasa. Ana ganin wannan idan aka kwatanta Masar da ƙasar Hausa. Busasshiyar iska ce ta taimaki majinyacin Ibn Maimun, amma a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, busasshen lokacin ne mai wahala ga masu asma da yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe sama da hazo, lokacin kuma ya zo daidai da sussuka da shiƙar gero da dawa, da jin ɗumi a ɗaki a rufe, ga hayaƙin itacen girki da na maganin sauro. Shawarar a koma wuri mai bushewa ba za ta yi aiki a nan ba, amma ta nisantar gurɓatacciyar iska tana nan daram.

Sauran rubuce-rubucensa

Littattafansa na likitanci sun kai goma. Akwai Fusulu Musa, mai babi 25, wanda ya tattaro mafi yawansa daga Jalinus, ya kuma keɓe babin ƙarshe don nuna inda Jalinus ya yi tuntuɓe. Akwai na dafi da makarinsa da ya rubuta wa al-Fadil, da na kiyaye lafiya da ya rubuta wa al-Afdal, da na basir. Sharhu Asma'il Uƙƙar ƙamus ne na magunguna 405 da sunayensu a Larabci da Girkanci da Farisanci da Berberanci da harshen mutanen Andalus. Max Meyerhof ya buga shi a Alƙahira a 1940 daga wani rubutun hannu na Istanbul.

A fagen addini ya yi sharhin Mishna, ya tsara dokokin Yahudanci cikin littafi 14 mai suna Mishne Tora da Ibrananci, sannan wajen 1190 ya kammala Dalalatul Ha'irin, inda ya yi ƙoƙarin daidaita wahayi da falsafar Aristo. Sharhin Mishna da Dalala da harshen Larabci ya rubuta su amma da haruffan Ibrananci, kwatankwacin yadda ake rubuta Hausa da haruffan Larabci a ajami. Toma Akwinas yana cikin malaman Kirista da suka karanta Dalala a fassarar Latin.

Rasuwa

Ya rasu a Fusɗaɗ a watan Disamba 1204. Kabarin da ake danganta masa yana Ɗabariyya, a bakin tafkin Galili. Ɗansa Ibrahim, wanda aka haifa a 1186, ya gaje shi a shugabancin Yahudawan Masar da kuma likitanci, ya yi aiki a asibitin Nasiri na Alƙahira, inda Ibn Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci, ya haɗu da shi.