Henri Friedlaender (1904–1996): Mai Tsara Haruffan Ɗab'i na Ibrananci

Gabatarwa

Harshe yana iya daɗewa da rubutu amma ya rasa haruffan ɗab'i da suka dace da zamaninsa. Halin da Ibrananci ya samu kansa ke nan a farkon ƙarni na 20. Ya fita daga littattafan ibada ya shiga jarida da makaranta da kasuwa, alhali maɗaba'u sun dogara kusan kacokan ga zubin Frank-Rühl. Henri Friedlaender na cikin waɗanda suka cike wannan giɓi.

Tasowarsa da Karatunsa

An haife shi a Faransa a 1904, ya kuma tashi a Balin ta Jamus. A 1925 ya shiga makarantar fasahar zane da littafi ta Leipzig. Daga nan ya yi aiki a masana'antar zuba haruffa ta Klingspor a Offenbach, inda ya zauna a gaban Rudolf Koch, gwanin rubutun hannu. Bayan haka ya koma Leipzig, maɗaba'ar Haag-Drugulin, wadda ta shahara wajen buga rubuce-rubucen harsunan gabas. A can ne, a 1931, ya fara zana sabon zubi na haruffan Ibrananci.

Gudun Hijira da Ɓuya

Ganin yadda ƙiyayyar Yahudawa take ƙaruwa a Jamus, sai ya ƙaura zuwa Holan a 1932, ya kama aiki da kamfanin Mouton a birnin Heg. Ya tsara bangon littattafan marubutan Jamus masu gudun hijira, ya kuma koyar da rubutu da tsarin ɗab'i a Amsterdam. Da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar, ya shafe shekarun 1942 zuwa 1945 a ɓoye a gidansu na Wassenaar. Matarsa Maria, wadda ba Bayahudiya ba ce, ita ta rufa masa asiri, aka kuma binne zane-zanensa a ƙasa. Wasu sun lalace, amma aikin ya tsira.

Zubin Hadassah

Haruffan Ibrananci 22 ne, ana rubuta su daga dama zuwa hagu, babu manya babu ƙanana. Wasu kuma suna kama da juna ƙwarai, kamar dalet da resh, ko bet da kaf, ta yadda idan aka ƙanƙanta su sai ido ya rikice. Friedlaender bai nemi magani ta hanyar tusa wa Ibrananci siffar haruffan Latin ba. Ya koma ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya nazarci yadda alƙalami yake haifar da kauri da siranta, sannan ya zubar da ƙawar da ba ta taimakon mai karatu, ya ƙarfafa abin da ke bambanta harafi da ɗan'uwansa. An kammala zubin a 1958, wata masana'anta a Amsterdam ta zuba shi da darma, shekara 27 bayan soma shi.

Koyarwa

Ya ƙaura zuwa Isra'ila a 1950, ya shugabanci makarantar koyon ɗab'i ta Hadassah a birnin Ƙudus, wadda zubin ya ci sunanta. Kimanin shekara 20 ya yi yana horar da matasa haɗa haruffa da tsara shafi, a ƙasar da ke ƙarancin ƙwararrun ma'aikatan maɗaba'a. Ya kuma zana haruffan Ibrananci uku don tafiretar IBM: Shalom da Hadar da Aviv. A 1971 birnin Mainz ya ba shi lambar yabo ta Gutenberg. Ya rasu a Ƙudus a 1996.

Kammalawa

Zamanin darma ya wuce, amma zubin Hadassah ya shiga kwamfuta, har yau ana buga littattafai da shi. Tarihinsa ya nuna cewa sabunta rubutun al'umma yana farawa ne daga sanin yadda magabatanta suka riƙe alƙalami.