MARTIN LUTA: MUTUMIN DA YA NEMI SALAMA DA ALLAH

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka ko Allah ya karɓe ka? Ga labarin wani mutum wanda wannan tambaya ta hana shi sakewa shekaru da yawa. Ka karanta a hankali, ka kuma karanta wa iyalinka.

An haifi Martin Luta a garin Eisleben cikin ƙasar Jamus ran 10 ga watan Nuwamba 1483. Ubansa Hans ɗan manomi ne, amma ya koma aikin haƙar jan ƙarfe a Mansfeld. A 1501 ya aiki ɗansa babbar makaranta ta Erfurt, yana so ya zama masanin shari'a.

Cikin watan Yuli 1505, yana komawa makaranta daga gida, hadari ya tare shi a hanya. Aradu ta faɗi kusa da shi, tsoron mutuwa ya kama shi, ya yi wa'adi in ya tsira zai zama mai zuhudu. Bayan sati biyu ya shiga gidan zuhudu a Erfurt. Ubansa ya yi fushi ƙwarai.

A can Luta ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya yi azumi, ya kwana yana addu'a, ya yi ta furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kullum yana cewa a ransa, ina zan san na yi abin da ya isa? Shugabansa Staupitz ya ga halin da yake ciki, ya nuna masa giciyen Almasihu, ya kuma sa shi aikin nazarin Littafi Mai Tsarki. A 1512 ya zama babban malami a garin Wittenberg, ya shiga koyar da Zabura, da Romawa, da Galatiyawa.

Romawa 1:17 ita ce ta buɗe masa ƙofa. Dā, in ya ji zancen adalcin Allah, sai ya tuna da hukunci kaɗai. Yanzu ya gane cewa adalcin nan kyauta ne wanda Allah ke ba mai zunubi saboda Yesu Almasihu, ana kuwa karɓarsa ta wurin bangaskiya. Wannan shi ne barata. Ka ɗauki misalin mutumin da bashi ya yi masa katutu, ko ya sayar da gona da bisashe ba zai iya biya ba. Sai wani ya zo ya biya duka, alƙali ya sallame shi. Me ya rage masa? Sai ya karɓa, ya yi godiya.

Kada ka ce ashe ayyukan kirki ba su da amfani. Luta bai koyar da haka ba. Gero ba ya zama gero domin ya fid da zangarniya. Yana fid da zangarniya domin shi gero ne. Haka wanda Allah ya baratar yakan yi aikin kirki domin ƙauna da godiya.

A 1517 wani mai wa'azi, sunansa Tetzel, yana yawo kusa da Wittenberg yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Wani kashi na kuɗin domin ginin babbar majami'ar Bitrus a Roma ne, wani kuma domin biyan bashin Albrecht, babban bishop na Mainz. Talakawa suka ɗauka gafara suke saye. Abin ya ɓata wa Luta rai. Ran 31 ga Oktoba 1517 ya aika wa Albrecht batutuwa 95 da ya rubuta. Na farkonsu yana koyar da cewa tuba aikin dukan ran mai bi ne. Bai yi nufin raba ikilisiya ba, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma masu buga littattafai suka baza rubutun ko'ina cikin Jamus, magana ta girma.

A watan Janairu 1521 Paparoma Leo na 10 ya fitar da shi daga ikilisiya. A watan Afrilu aka tsai da shi gaban sarkin sarakuna Sharl na 5 a garin Worms, aka ce ya janye abin da ya rubuta. Ya roƙi a ba shi lokaci. Kashegari ya amsa cewa ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananniya, domin lamirinsa yana ɗaure da Maganar Allah. Ya san ransa na cikin hatsari, gama a 1415 an ƙone Yan Hus saboda irin wannan magana.

Sarkin ƙasarsa Faradarik ya ɓoye shi a ganuwar Wartburg. Can ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci cikin wajen sati 11, aka buga shi a 1522. Dukan Littafi Mai Tsarki ya fito a 1534. Ya so manomi da uwar ƴaƴa su ji Maganar Allah da harshensu. Irin wannan buri ne ya kawo mana Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

A 1525 ya auri Katarina. Ita ce ta riƙe gida, da lambu, da bisashe. Suka haifi ƴaƴa 6, biyu suka rasu tun suna yara. Da ya zaga ƙauyuka ya tarar mutane da yawa ba su san Dokoki Goma ko Addu'ar Ubangiji ba, sai ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa a 1529, domin maigida ya riƙa koya wa iyalinsa.

Luta yana da nasa laifi, ba kuwa za mu ɓoye ba. A 1525, sa'ad da manoma suka tayar wa sarakuna, ya zuga sarakunan su murƙushe su ba tausayi, aka kashe dubbai. A 1543 ya rubuta mugayen maganganu a kan Yahudawa, waɗanda ikilisiyoyin da ke amsa sunansa suka yi tir da su daga baya. Shi ma mai zunubi ne mai bukatar alherin da ya yi wa'azinsa. Ya rasu a Eisleben ran 18 ga Fabrairu 1546, yana da shekara 62, inda ya je sulhunta sarakunan Mansfeld.

Gyaran ikilisiya bai ƙare da mutuwarsa ba. Ba a nome gona sau ɗaya a ce an gama. Bayan noman fari sai maimai. A 1999 a Augsburg, Lutarawa da Katolika suka sa hannu a kan takarda guda, suna shaida tare cewa ceto ta wurin alheri ne, ko da yake akwai sauran bambanci tsakaninsu. Kowace tsara dole ta auna al'adunta da Maganar Allah.

To, kai fa? Ga me kake dogara? Ga zakarka, ko zuwanka sujada, ko sunan Kirista da ka gāda? Waɗannan ba su iya biyan bashin zunubi. Ka dogara ga Almasihu kaɗai. Yau da dare ka tara iyalinka, ku karanta Romawa sura 3 tare, ku yi addu'a Ubangiji ya fara gyara daga gidanku.