DANNY KAYE: ƊAN WASAN DA YA KOMA BAKIN MURHU

Masu karatu, a nan ƙasarmu, ko a Bauchi ko a Kano, in namiji ya ce shi madafa yake so sai a yi masa dariya, alhali kuwa mai shayi da mai tsire da mai balangu duk maza ne. To yau ga labarin wani mashahurin ɗan wasan kwaikwayo na Amurka wanda girki ya zama abin tinƙahonsa bayan kasuwar silima ta juya masa baya.

An haifi Danny Kaye ran 18 ga watan Janairu, 1911, a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Sunansa na yanka David Daniel Kaminsky, iyayensa kuwa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Yukiren. Bai gama sakandare ba. Ya yi 'yan ƙananan ayyuka, sa'an nan ya shiga ba baƙi dariya a otal-otal na kan duwatsun Catskill. A 1934 ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa zuwa Jafan da ƙasar Sin, inda masu kallo ba su jin Turanci, tilas ya koyi magana da fuska da hannu. A can ne kuma ya fara sabawa da abincin mutanen Sin.

A 1940 ya auri Sylvia Fine, wadda ita ce ta riƙa tsara masa waƙoƙi. Shekara ɗaya bayan haka sunansa ya ɗaukaka, saboda wata waƙa da ya jera sunayen mawaƙan Rasha wajen 50 cikin ƙasa da minti ɗaya. Holiwud ta ɗauke shi a 1944. Da ya yi wasa a Landan a 1948, har iyalan Sarkin Ingila suka zo kallo.

Daga 1954 ya zama jakadan UNICEF, watau asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 1956 aikin ya kawo shi Nijeriya, inda ya ziyarci kutare har ya yi rawa tare da su.

Amma fa sana'ar wasa ba ta da fansho. Fim ɗinsa The Court Jester ya ci kuɗi kusan dala miliyan 4, bai mayar da su ba, ko da yake yau ana ganinsa cikin mafi kyawun ayyukansa. Ya koma telebijin daga 1963 zuwa 1967, daga nan manyan ayyuka suka yi ta raguwa.

Nan ne mutumin ya duƙufa kan girki, ba kuwa da wasa ba. Ya gina madafa ta musamman a gidansa, da murhu irin na masu sayar da abinci na Sin, an sa masa zobban ƙarfe don su tattara wuta wuri guda. Zafin ya kai har sai da aka yi kwatami na ruwan ƙanƙara yana zagayawa, don mai girki ya iya tsayawa. Cikin shekarun 1970 ya riƙa koyar da girkin Sin a wani gidan abinci a San Faransisko. Manyan kukun Faransa, irin su Paul Bocuse, sun zauna sun ci abincin hannunsa. A ganina wannan shaida ta fi tafin 'yan kallo nauyi, domin kuku ba ya yaba wa kuku a banza.

Ya rasu a Los Anjelis ran 3 ga watan Maris, 1987, yana da shekara 76. Babbar makarantar koyon girki ta Amurka da ke Hyde Park, jihar Niyok, ta sa sunansa a zauren da ake nuna wa ɗalibai yadda ake dafa abinci.